Sauran Kwanan Tukunyar Inna

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai ƙanena Iliya makwancinsa. Sai da na ƙidaya da yatsu har sau biyu kafin in ɗauki bik in fara rubutu, domin a raina kamar bara ne ya jingine motonsa, babur ɗin nan nasa, a gindin itacen bedin ƙofar gidanmu na Madarumfa, ya shigo yana shinshina iska tun kafin ya gaishe ni. Kowace shekara idan wannan wata ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa. Ba rashin abin faɗa ba ne. Akwai wata magana da na daɗe ina riƙe da ita a ciki, wadda in ban fito da ita ba duk yabon da zan yi masa rabin gaskiya ne. Bana dai zan iya faɗa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Iliya shi ne autanmu, ni ce babba, shekara tara ne tsakaninmu, kuma ni na goye shi. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, daddawar batso take yi, ta gurguzun yakuwa, da ita ta riƙe mu ta kai mu lakwal muka yi boko bayan rasuwar Baba. Ni na tsaya a koyarwar firamare har na ajiye alli. Shi kuwa kansa yana ja, ya wuce lise, wato babbar sakandare, a Maradi, ya wuce jami'a, ya sami bursi, wato tallafin karatu, ya yi shekara shida a Turai. Da ya dawo aka tambaye shi abin da ya karanto, sai ya shiga bayani a kan wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu mayar da madara nono, masu tayar da ƙullu, masu nunar da daddawa. Wani dattijon majami'armu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ashe dai ruɓa yaron nan ya je ya karanto. Sunan ya bi shi, Dokta Ruɓa. Ni ma, Allah ya yafe mini, na kira shi da shi ba sau ɗaya ba.

Iliya ba mai saurin fushi ba ne, amma kalmar nan ta ruɓa tana sosa masa rai. Yakan ce Faransanci yana da kalma guda ga aikin gaba ɗaya, mu kuwa mun rarraba shi gida-gida: ƙullu tashi yake yi, daddawa nuna take yi, magani tsimuwa, kunu tsami, kuma ba mu taɓa lura cewa ma'aikata dangi ɗaya ne ke yin aikin ba. Ya daɗe yana neman kalmar da za ta haɗa su. Daga baya ya tsaya a kan wadda mata ke faɗa kullum ba tare da sun ɗauke ta a bakin komai ba, wato kwana. A bar ƙullu ya kwana, a bar nono ya kwana, gurguzu ya kwana biyu a rufe. Sai ya raɗa wa fanninsa suna ilmin kwana. Na ce masa to madalla, daga Dokta Ruɓa ka koma malamin barci. Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma bai canza ba. Ya ce abin da aka jefar aka manta da shi ne ke ruɓewa. Wanda aka rufe da niyya, aka san zafinsa, aka san ranar da za a buɗe shi, wannan kwana ya yi.

An yi masa tayin aiki a manyan masana'antu, a gida da waje, ya ce a kai kasuwa. Abin da ya dame shi matasan da ke fitowa jami'a ne da difilom na kimiyya ko na injiniya, sun haddace littafi tsaf, amma ba wanda ya taɓa rainon ƙwayar halitta daga kwalba har ta cika tanki. Da taimakon wasu abokan karatunsa ya buɗe ƴar cibiya a nan garin, kan hanyar tabki, ɗaki uku da rumfa, yana karɓar su rukuni-rukuni na wata uku. Na ga aikin da idona, domin ni ke dafa musu abincin rana. Yana koya musu yadda ake kashe kowace ƙwaya a tukunyar matsi kafin a shuka wadda ake so, da yadda ake auna zafi da tsami a kan kari a rubuta a kaye, wato littafin rubutu, ko da ba abin da ya canza. Yana da wani tanki mai farfela a ciki da wani mai walda ya ƙera masa a Maradi, a nan ake gane wanda ya iya. Abin da ya yi kyau a kwalbar rabin lita, in aka kai shi tanki sai ya shaƙe don rashin iska, ko ya dafa kansa da zafin jikinsa. Iliya yakan hango kuskuren tun daga nesa, ya naɗe hannu ya yi gum har tankin ya lalace, sannan ya ce kowa ya buɗe kayensa ya nemo masa sa'ar da abin ya fara karkacewa.

Amma a satin farko ba mai taɓa kwalba. Yakan karɓe duk na'urorin awo ya kulle a akwati, ya ɗora injiniyoyin nan a amalanken jaki ya kai su Safo wurin matan da ke daddawa. Su sheƙe gurguzu, su hura wuta wuni guda, su tace ruwan toka, su yi daka. Kayan aikinsu bayan hannu da hanci. Kowace safiya mutum zai dafa jikin tukunya ya faɗi zafinta da ka, sai Iliya ya zaro ma'auni daga aljihu a ga wanda ya kusa. Kullum tsofaffin ne ke cinye ƴan boko, su da ba su san lamba ba, sai dai su ce da saura ko ta yi. Wani saurayi mai ƙulla wuya ya taɓa ce masa bai yi shekara biyar a jami'a don ya zauna da masu daddawa ba. Iliya ya nuna masa hanyar tasha da leɓe, ya ci gaba da abin da yake yi. Saurayin bai tafi ba. A wannan rukuni ne aka sami Hadiza, ɗiyar wasu manoma Musulmi daga garin Sarkin Yamma, injiniya ce, ba ta da yawan magana, amma hannunta bai cika kuskure ba. Da wata uku suka cika sai ya riƙe ta a matsayin mataimakiyarsa.

Yanzu sai maganar tukunya. Inna tana da wata tsohuwar tukunyar ƙasa, baƙa ƙirin, bakinta ya ɗan gutsure, wadda ta gada daga tata uwar. A cikinta take rufe gurguzu, kuma ba ta taɓa yarda sabulu ya kusance ta ba, sai dai a kwashe, a goge da kara, a kife. Muna yara mun ɗauka camfi ne irin na tsofaffi. Daddawar Inna kuwa ba ta ɓaci ko a tsakiyar sanyi, kwana biyu ta nuna, kuma ba ta da ɗoyin nan mai hawa kai. Bayan rasuwarta Iliya ya kankare cikin tukunyar da ɗan cokali ya kai labo, ɗakinsa na bincike, ya shekara biyu yana tankaɗe da rairaya, har ya ware ƙwayar da ke yin wannan aiki. Ya kira ta irin Inna. Ya adana uwar irin cikin ƴan kwalabe a firigo mai ƙanƙara, daga nan ake tsiro da shi a tanki, a busar da shi cikin garin hatsi, a ɗaura a leda a rarraba wa mata. Da wannan iri ake koyar da kowane rukuni, da shi kuma matan Safo da kewaye suka daina zubar da tukunyar da ta ƙi nuna. Ita tukunyar ya bar ta a wurina, tunda ni ke zaune a gidan Inna. Yakan ce firigo na Bature ne, ranar da ya ga dama zai yi yaji, tukunya ce asusunmu.

Ciwon da ya ɗauke shi bai yi sati uku ba. Ina gefen gadonsa a asibiti a Maradi, muryarsa ta dushe, ya jawo hannuna. Na zaci maganar ƴaƴansa zai yi.

"Yaya, tukunyar Inna. Kada sabulu ya taɓa ta."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, in dai ina numfashi ba abin da zai same ta. Bayan kwana biyu ya cika.

Duk wanda ya san zaman makoki a garinmu ya san yadda gida ke cika. Matan zumuntar majami'a suka zo daga Maradi da zannuwansu iri ɗaya, maƙwabtanmu Musulmi suka shigo da itace da hatsi, matan Safo suka zo a amalanke. Ni ina ɗaki ina karɓar gaisuwa, ban san inda kaina yake ba. Su kuwa bayin Allah suka karɓe girki, kuma ka san mace in ta shiga gidan makoki ba ta iya zama hannu sake. Suka tattaro duk wata tukunya da kwano da ke gidan, har na lungun da ban taɓa tunanin wani zai leƙa ba. Ran kwana uku da hantsi na fito in sha iska, sai na hango ta a kan yashi cikin layin tukwane, a kife, an dirje ta da soso da sabulu har jan ƙasarta ya fito. Wata baiwar Allah ta ce mini da fara'arta wannan kam ta ba su wuya, kamar ba a taɓa wanke ta ba tun da aka gina ta. Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai sannunku da aiki, Allah ya saka da alheri. Me zan ce? Ba su yi laifi ba. Ni aka ba amana, ni na manta, kuma ko sati ba a yi ba.

Na ɗauke ta na kai ɗakin ajiya na kife a bayan buhuna, ban gaya wa kowa ba. Hadiza ta ci gaba da riƙe cibiyar. Duk lokacin da ta zo gaishe ni takan tambaya ko tukunya tana nan, in ce tana nan. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba, haka na yi ta yi shekara shida. Ina lallashin kaina da cewa ai irin yana firigo, tukunyar ta zama abin tarihi kawai. Amma ko ƙofar ɗakin nan na wuce sai in kau da kai.

Nakan tambayi kaina me Iliya zai ce da ya leƙo yau. Na san zai yi tsaki in ya ga yadda dunƙulen kanti ya mamaye miya, har an sami ƴan matan da ke toshe hanci in an ɓare daddawa. Zai yi mita a kan masu zuwa horo yanzu, da kowa ke son ya ɗauki hoton tanki da waya kafin ya san abin da ke ciki. Amma zai yi farin ciki da yawan matan da ke cikinsu, domin a zamaninsa ba sa wuce biyu a rukuni. Zai so ya ji cewa saurayin nan mai ƙulla wuya yau shi ke kula da tankunan wata masana'antar nono, kuma an ce duk sabon ma'aikaci sai ya sa shi ya dafa tanki da bayan hannu ya faɗi zafinsa. Ban san ko zai yi alfahari ba, don ban taɓa ganin ya yi ba. Na fi zaton zai tambayi kayen awo ya shiga neman layin da aka tsallake.

Bara da bazara abin da Iliya ya faɗa a kan firigo ya faru. Wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, injin da ke tallafa mata ya ƙone a daidai lokacin da Hadiza ta tafi wani taro, kafin ta dawo ƙanƙarar firigo ta zama ruwa. Murafan kwalaben suka saki, ruwa ya shiga, komai ya cakuɗe ya yi funfuna. Ta yi sati biyu tana shuka abin da ya rage, ba abin da ke tsirowa sai baƙin ƙwayoyi. Garin da aka rarraba wa mata ya riga ya ƙare, su kuma yanzu a robobi suke aiki, ana wankewa kullum, ba abin da ke zama a jikinsu. Ga sabon rukuni yana tafe. Wata ranar Laraba da la'asar na ji tsayuwar moto a gindin bedi, na kuma san abin da ya kawo ta tun kafin ta yi sallama.

Ta durƙusa ta gaishe ni, ta faɗi abin da ya faru, sannan ta ce ta zo aron tukunya. Ni da na shekara talatin ina tsawata wa ɗalibai a kan faɗin gaskiya, sai ga ni ina kame-kame a gaban sa'ar ɗiyar cikina. Daga ƙarshe dai na faɗa mata duka, ina kuka kamar ranar aka yi rasuwar. Na shirya wa fushinta, ko shirun da ya fi fushi ciwo. Sai na ga ta gyara zama, ta zaro kaye daga jaka.

"Mama, da me aka wanke ta? An sa jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyi?"

"Sabulu ne da soso, ɗiyata."

"An ɗora ta a wuta bayan nan? An zuba ruwa an ajiye?"

"Ko ɗaya. A kife take tun ranar."

Ta rufe kayen, ta ce in nuna mata ɗakin. Muna janye buhuna take gaya mini wani darasi da Iliya ke bayarwa a wata na biyu, wanda ni ban taɓa ji ba saboda lokacin ina murhu. Ta ce ƙwayar daddawa ba kamar ta nono ba ce. In ta ga wuya, ba ruwa ba abinci, sai ta yi wa kanta ɓawo ta shige ta kwanta, tana iya shekaru a haka. Tukunyar ƙasa kuwa duk jikinta ƴan ramuka ne da soso ba ya kaiwa. Ta ce ba ta yi mini alkawari ba, amma Malam ya hana su cewa abu ya mutu sai sun ba shi abinci sun jira.

Kashegari ta dawo da gurguzun da ta dafa a tukunyar matsi don kada wata baƙuwar ƙwaya ta biyo shi, da kuma sabuwar tukunya dal daga kasuwa. Na ce ita wannan ta mece ce, ga tamu? Ta ce in ba a gwada da sabuwa a gefe ba, ko ta Inna ta nuna ba za mu san ko ita ta yi aikin ba ko iska ce ta kawo. Haba, na ce a raina, ko a tsakiyar tashin hankali sai an yi mana Iliya. Ta raba gurguzun biyu daidai, ta yayyafa ruwan toka, ta rufe kowace da tsabtataccen ƙyalle da faifai, muka ajiye su kusa da juna a ɗakin Inna.

Ranar farko ba komai. Na dafa su ya fi sau goma, duka biyun sanyi ƙalau, ko abincin kirki ban ci ba. Rana ta biyu da sassafe, masunta ba su gama fitowa daga tabki ba, Hadiza ta iso. Ta tsuguna ta ɗora bayan hannunta a jikin sabuwar tukunya, ta ɗauke. Ta ɗora a ta Inna, sai ta daɗe ba ta motsa ba. Ta kamo hannuna ta ɗora a wurin. Ɗumi ne, irin na goshin jariri mai lafiya. Ta ɗaga gefen faifan kaɗan, ƙanshin ya bugo ni, sai ga ni ƴar shekara goma a tsakar gidan nan, Iliya a bayana, Inna tana cewa in matsa kada in sa mata ƙasa.

"Mama," in ji Hadiza, "tana da sauran kwana."

Ni a wurina magana ta ƙare a nan, amma ita ba ta yarda da hancina ba, ba ta ma yarda da nata ba. Ta ɗebi kaɗan ta kai labo, ta ware ƙwayar, ta gwada ta da duk abin da Iliya ya rubuta a kayensa, ta aika wani wuri aka duba tambarin halittarta. Sai bayan wata biyu ta zo ta ce mini ita ce, irin Inna ne. Rukunin bara da shi aka horar da su. Yanzu an sa wa firigon faifan hasken rana, an kuma ajiye irin a wuri uku, har da busasshe a cikin gari.

Na yi ta tunanin abin da ya rage na ƙanena. Bai bar gidan bene ba, littafin da ya fara rubutawa a kan ilmin kwana ya tsaya a babi na huɗu, kuma har gobe akwai masu cewa Dokta Ruɓa in ana hirarsa. Da na ɗauka tukunyar ce gadonsa, shi ya sa na shekara shida ina jin na kashe shi sau biyu. Yanzu na gane ba haka ba ne. Tukunyar tana bayan buhuna da ranta duk tsawon lokacin nan, ni da ke kwana ɗaki ɗaya tsakanina da ita ban sani ba. Sai da aka sami wadda ya koya wa ta tambayi da me aka wanke kafin ta yi kuka, ta kuma tuna da sayo sabuwar tukunya. Irin waɗannan ya bari, suna nan warwatse a masana'antu da ɗakunan bincike, ban ma san yawansu ba. Ina kewarsa, kuma ina jin kunyarsa har yau, amma kunyar ta daina hana ni barci.

Tukunyar ta koma wurinta a ɗakin Inna, duk wata ina rufe gurguzu a ciki ko da hannuwana na ciwo. Na ɗaura mata jan ƙyalle a wuya. Ran Lahadin da ta wuce, bayan sujada, na tsayar da matan zumunta, na ba su labarin nan daga farko, har wadda ta dirje ta tana wurin, ta rufe fuska da gyale. Na ce mata ta saki ranta, aikin alheri ta yi. Sannan na gaya musu wasiyyata tun da sauran ƙarfina: ranar da nawa kwanan ya ƙare, ku zo ku cika gidan kamar yadda kuka saba, ku wanke kwanoni, ku wanke tukwane, ku wanke ni, amma mai jan ƙyallen nan ku bar ta da dauɗarta.